Amsoshin Tambayoyinku: Tarihin Kano Pillars

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya aiko yana tambayar tarihin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano Pillars. To malam, gyara zama ka sha labari.

An kafa ta a 1990, bayan da aka haɗe ƙungiyoyi uku na Kano: WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Gidanta filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, kirarinta kuwa "Sai Masu Gida". Kirarin ya dace da ita, domin ta yi shekara 12 ba wanda ya doke ta a gida a gasar Firimiya ta Najeriya, sai a 2015 Nasarawa United ta karya lagon.

Ta ɗauki kofin gasar a 2008, sannan ta jera uku: 2012 da 2013 da 2014. Amma ni a ganina, 2009 ce shekarar da ba a mantawa. A shekarar ce ta fitar da Al Ahly ta Masar, gagarabadan Afirka, daga gasar zakarun nahiyar, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta taka mata birki. Ahmed Musa ma a Pillars tauraronsa ya fara haskawa kafin ya tafi Turai.

Ta ci kofin ƙalubale a 2019. A 2022 ta faɗa rukuni na biyu, abin da ya yi wa Kanawa ciwo matuƙa, amma a 2023 ta dawo.

Malam, da fatan ka gamsu.