Kafin Ka Kai Tambarin Nan Wurin Bugawa

Ɗana, zauna tukuna, kada ka tura aikin nan wurin masu bugawa. Na ga tambarin da ka zana wa mai shagon takalma. Haruffan sun yi ɓul-ɓul, suna rausaya kamar 'yan mata a dandali, kuma wallahi sun burge ni. Shekara 40 na yi da burushi a hannu, ina rubuta allunan shaguna da bayan manyan motoci, saboda haka ina gane harafi mai rai da zarar na gan shi.

Rubutu mai kama da na hannu ya daɗe yana jan kasuwa. Sunan Coca-Cola da kake gani a jikin kwalba, akawun kamfanin ne, Frank Robinson, ya rubuta shi da alƙalami a Atlanta tun kafin 1890, har yau da shi suke ciniki. Comic Sans kuwa, wanda ku yara kuka raina, Vincent Connare ne ya zana shi a Microsoft a 1994, yana kwaikwayon rubutun littattafan barkwanci masu zane. Don raha aka yi shi. Shi ya sa in aka buga sanarwar rasuwa da shi, sai ka ji kamar an je ta'aziyya da kalangu. Harafi mai wasa, wurinsa sunan shago da kanun magana, kalma biyu ko uku. Farashi da lambar waya kuwa, ba su harafi natsattse, wanda mutum zai karanta daga cikin A Daidaita Sahu tana gudu.

Ga abin da ya sa na tsayar da kai. Dubi kalmar ƙafa. Samfurin haruffan da ka sauke daga intanet ba shi da ƙ, sai kwamfuta ta aro maka wata siririya daga wani gida ta cusa a farkon kalmar, ta tsaya tsuru kamar baƙuwa a gidan biki. Na san dabarar abokanka, su cire lanƙwasar su huta. To, ƙafa ta koma kafa ke nan. Haka ƙura ke zama kura, ɓari ya zama bari. Yawancin masu zana samfuran nan ba su taɓa jin Hausa ba, ban ga laifinsu ba. Kai da ka tsotse ta a nono fa?

Ɗauko takarda da fensir. Zana Ɓ da Ɗ da Ƙ, manya da ƙanana, har da ƴ in aikin zai tsallaka Maraɗi ko Damagaram, don da ita suke rubutu a can. Ka ba lanƙwasar kauri daidai da jikin harafin, kada ta tsuke ta ɓace daga nesa, kuma ka bar ta ta yi rausayar da sauran ke yi. Sannan ka manna takardar a bango, ka ja da baya taku 20, ka kira ƙanwarka 'yar aji uku ta karanta. In ta tsaya tana haɗa baƙi, goge ka sake.

Gobe bayan sallar asuba ka kawo mini in gani, kafin mai shagon ya iso.