Manazarcin Hausa da Muryar Mata a Rikicin Ƙasar Kumbashi

Gabatarwa

A wannan ɗan rubutu zan yi tsokaci ne a kan gudummawar da ɗalibin harshe zai iya bayarwa ga binciken mata da rikici, tare da kafa misali da Kumbashi da ke ƙaramar hukumar Mariga, a masarautar Kontagora, yankin da ya sha fama da 'yan bindiga.

Tushen Batu

A ranar 31 ga Oktoba, 2000, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1325. Ginshiƙansa huɗu ne: sanya mata a teburin sulhu, kare su, rigakafin rikici, da agaji bayan ƙura ta lafa. Nijeriya ta fitar da tsarinta na aiwatar da shi a 2013, ta sabunta a 2017. Sai dai da Ingilishi aka tsara waɗannan takardu, alhali matan da ake magana a kansu ba da shi suke kuka ba.

Aikin Ɗalibin Harshe

A ganina, nan ne gurbinmu. Kunya kan hana mace ambaton fyaɗe, sai ta sakaya ta ce "an ɓata ta" ko "abin da ya faru ya faru". Tsoro kuma kan sa a ce "mutanen daji" maimakon ɓarayi. Mai binciken da bai san sakaya zance ba zai rubuta cewa babu abin da ya auku, masu tsara manufa kuma su gina a kan rahotonsa.

Ga shawarwarina ga mai fara bincike:

1. Mace ta tattauna da mata, bayan an nemi yardarsu.
2. A rubuta kalaman yadda aka furta su, fassara ta biyo baya.
3. A ɓoye suna da ƙauye, domin rai ya fi digiri.
4. A tuna akwai Acipawa a yankin masu nasu harshen, don haka a tanadi tafinta.

Kammalawa

Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Amma isar da kukanta ga masu yanke hukunci, ba ragi ba ƙari, amana ce a wuyan wanda ya karanci harshe.