Darasi na 14: Shin Sabuwar Furosesa Tana Ƙara wa Kwamfutar Tebur Sauri?

A. Karatu

A Bagama da sauran unguwannin Suleja, kwamfutar tebur ta zama kayan sana'a kamar keken ɗinki ko injin niƙa. Da ita ake buga takardun neman aiki da katunan biki, da ita kuma ake cike takardun shiga makaranta ta intanet. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kan kwamfuta, saboda haka ku ma wata rana za ku zauna gabanta. Masu shaguna da yawa ta hannu suke saye, domin sabuwa tana da tsada. Idan ta fara nauyi, akan shawarci mai ita ya sayi wadda take da sabuwar furosesa. Kafin mutum ya kashe kuɗin da ya sha wahalar tarawa, ya kamata ya san ko wannan shawara tana da tushe.

Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ƙarama ce, ba ta kai tafin hannunku ba, amma ita ke yin dukan lissafi. A cikinta akwai ƙananan makunnai da ake kira taransista, waɗanda suke kunnuwa suna mutuwa bisa wani bugu mai tsari, kamar yadda manoma suke bin kiɗan gangar noma. Idan bugun ya kai biliyan ɗaya a daƙiƙa guda, sai a ce saurinta gigahas ɗaya ne.

A shekarar 1971 kamfanin Intel na Amurka ya fitar da furosesa mai suna 4004. Tana da taransista 2,300, kuma tana bugawa sau 740,000 a daƙiƙa. Tun a 1965 wani masani mai suna Gordon Moore ya lura cewa yawan taransistocin da ake iya cusawa a wuri guda yana ninkuwa a kai a kai, kuma a 1975 ya ƙiyasta cewa hakan zai riƙa faruwa duk bayan shekara biyu. Hasashensa ya tabbata na tsawon lokaci. Zuwa 2004, furosesar Pentium 4 ta kai gigahas 3.8, wato ta ninka 4004 sau dubu biyar da ɗoriya wajen saurin bugu. A wancan zamani, duk wanda ya sayi sabuwar kwamfuta yakan ga bambanci tun ranar farko.

Daga nan sai tafiya ta canza, kuma zafi ne ya canza ta. Duk sa'ad da aka ƙara saurin bugu, furosesa takan ƙara shan wuta, ta ƙara zafi, har fanka ta kasa sanyaya ta. Ku duba wannan: a 2024 furosesar Intel ta kwamfutar tebur da ta fi saurin bugu ta tsaya ne a gigahas 6.2. Cikin shekara ashirin ke nan saurin bai ko ninka sau biyu ba.

Da masu ƙira suka ga haka, sai suka koma ga dabarar gayya. Maimakon ma'aikaci ɗaya mai tsananin sauri, suka riƙa zuba ma'aikata da yawa a cikin furosesa guda. Kowane ma'aikaci ana kiransa cibiya. A 2005 kamfanonin Intel da AMD suka fitar da furosesoshin tebur masu cibiya biyu, kuma a 2019 AMD ya fitar da mai cibiya 16. Sun kuma gyara tsarin ciki yadda kowace cibiya za ta yi aiki mai yawa a bugu ɗaya.

To, amma ba kowane aiki ne ke karɓar gayya ba. Idan noman gona ne, mutum goma za su gama da wuri fiye da mutum ɗaya. Idan kuwa haƙar rijiya ce, mutum ɗaya ko biyu ne kawai za su iya shiga ƙasa, sauran sai dai su tsaya a baki suna jira. Wani masani, Gene Amdahl, ya bayyana wannan a 1967. Ku ɗauka wani aiki yana cin minti 60, kuma rabinsa ba ya rabuwa. Idan aka ba cibiya goma ɗaya rabin, za su gama shi cikin minti 3, amma aikin duka zai ci minti 33. Ko cibiya dubu aka kawo, ba zai gaza minti 30 ba.

Saboda haka amsar tambayarmu ta dogara ne ga irin aikin. Mai haɗa bidiyon biki, da mai tace hotuna masu yawa, za su amfana ƙwarai da sabuwar furosesa, domin aikinsu kamar noman gona yake. Mai buga wasiƙa ko cike takarda ta intanet kuwa da wuya ya ga wani babban bambanci, domin sau da yawa furosesarsa zaune take tana jira.

Me take jira? Na farko, ma'ajin bayanai. Tsohon faifan ajiya yana juyawa ne sau 5,400 ko 7,200 a minti, sai allura ta nemo abin da ake so. Sabon ma'aji da ake kira SSD ba shi da abin da ke juyawa, don haka ya fi sauri nesa ba kusa ba. Na biyu, ma'ajin wucin gadi, wato RAM, wanda yake kamar teburin aiki: idan ya yi ƙanƙanta, sai an yi ta ɗauke kaya ana mayarwa. Na uku, ƙurar hunturu takan toshe fanka, furosesa ta yi zafi, ta rage saurinta da kanta don kada ta lalace. Na huɗu, idan intanet ba ta da ƙarfi, babu furosesar da za ta yi maganin jira.

Duk da haka, akwai lokacin da canji yake zama dole. A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa manhajar Windows 10, kuma Windows 11 ba ta amince da yawancin tsofaffin furosesoshi ba. Don haka, idan aka nemi shawararku, ku fara tambaya: wane aiki ake yi da kwamfutar, kuma a ina take tsaiko? Sai an san ciwo ake neman magani.

B. Sababbin Kalmomi

1. ta hannu: wadda wani ya riga ya yi amfani da ita
2. hasashe: faɗin abin da ake zaton zai faru
3. gayya: taruwar jama'a don taya wani aiki
4. wucin gadi: na ɗan lokaci
5. tsaiko: jinkiri ko tsayawar aiki

C. Tambayoyi

1. Taransista nawa ne a cikin furosesar 4004?
2. Me ya hana saurin bugu ci gaba da ƙaruwa kamar da?
3. Bayyana bambancin noman gona da haƙar rijiya kamar yadda ya zo a karatun.
4. Kawo abubuwa uku da kan sa kwamfuta nauyi ban da furosesa.

D. Nahawu

Ana amfani da "fi" wajen kwatanta abu biyu. Misali: SSD ya fi faifan ajiya sauri. Ku gina jimloli biyar irin wannan.

E. Aikin Gida

Ku ziyarci wani shagon buga takardu a unguwarku, ku tambayi mai shi ayyukan da yake yi da kwamfutarsa. Sannan ku rubuta masa shawara cikin jimloli goma.