Amsar Tambaya: Maganin Ciwon Suga ga Mai Raunin Zuciya

Tambaya daga Sabon Tasha: Shin mai ciwon suga da aka gano yana da raunin zuciya zai iya ci gaba da shan magungunansa na da?

Amsa: Raunin zuciya shi ne gazawarta wajen harba jini yadda jiki ke buƙata, har ruwa ya taru, ƙafafu su kumbura, numfashi ya riƙa sarƙewa idan an kwanta. Saboda haka wajibi ne likita ya sake duba kowane magani. Metformin yana da aminci muddin ciwon zuciyar ya lafa kuma ƙoda na aiki, amma pioglitazone yana riƙe ruwa a jiki, don haka ba ya dacewa, saxagliptin kuma yana ƙara haɗarin kwanciya a asibiti.

Dapagliflozin da empagliflozin, waɗanda ke fitar da suga ta fitsari, su ne aka fi fifitawa yanzu, domin binciken DAPA-HF na 2019 ya nuna cewa dapagliflozin yana rage tsanantar ciwon zuciyar da mace-mace. Sai dai ana dakatar da su idan amai ko gudawa ya kama mutum, kuma masu shan su na buƙatar tsaftar al'aura.

Ya kamata majinyaci ya guji sayen diclofenac ko ibuprofen a kemis, ya rage gishiri da magi, ya hau sikeli kowace safiya. Idan nauyinsa ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3, ya garzaya asibiti. Mazauna Kafanchan da kudancin Kaduna na iya neman a tura su wurin likitan zuciya a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko na Shika, Zariya.