Neman Aure Tsakanin Mabiya Addinai Dabam-dabam

Masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai sun haɗa samarinmu da 'yammatanmu da Musulmi da kuma Kiristoci na wasu ɗariku a wurin aiki ɗaya. A unguwa irin ta Zawaciki ma gidan haya ɗaya suke zaune. Ba abin mamaki ba ne idan sabo ya zama soyayya. Ikkilisiya ba ta kiran wannan zunubi, sai dai tana so a san gaskiya tun ana zuwa zance, kafin a kai ga haɗa lefe.

Dokar Ikkilisiya ta 1983 ta raba al'amarin gida biyu. Wanda zai auri Kirista mai baftisma na wata ɗarika, dole ya nemi izinin Bishop (doka ta 1124). Wanda kuwa zai auri marar baftisma, aurensa bai ɗauru ba sai Bishop ya ɗage masa hani (doka ta 1086). A duka biyun, ɗan Katolika zai yi alkawarin riƙe bangaskiyarsa, ya kuma yi iyakar ƙoƙarinsa a yi wa 'ya'yansa baftisma, su tashi cikin Ikkilisiya. Tun 1970, a zamanin Paparoma Bulus na Shida, an daina neman wannan alkawari daga ɗaya ɓangaren, amma wajibi ne a sanar da shi.

Maƙwabtanmu Musulmi su ma suna da tasu ƙa'idar, wadda ya kamata mu sani, mu kuma girmama. A shari'arsu Musulmi yana iya auren Kirista, amma Musulma ba ta auren wanda ba Musulmi ba. 'Ya'ya addinin uba suke bi, miji yana da damar ƙara aure har mata huɗu, kuma babu gado tsakanin Musulmi da Kirista. Ga mu kuwa, aure miji ɗaya ne da mace ɗaya har mutuwa.

Saboda haka, 'yata, kada kunya ta rufe miki baki. Tambayi mai nemanki: Za ka bar ni in je Misa ran Lahadi? Wane addini 'ya'yanmu za su bi? Za ka yi mini kishiya? Amsar da ya kasa bayarwa a gaban iyayensa ba za ta tsaya bayan biki ba. Ɗana, kai ma kada ka ja 'yar mutane zuwa abin da zai raba ta da danginta ba tare da ta san nauyinsa ba. Ku je wurin Fadan Ikkilisiyarku tun da wuri, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.