KAFIN KA TAMBAYI FARASHIN RAGO



A cikin saƙonnin da 'yan'uwa ke turo mini a kan haihuwa, kusan duk tambaya ɗaya ce take sauya riga: rago ɗaya ne ko biyu? In ban samu ba ranar bakwai zan iya yi daga baya? Ya halatta in ci bashi? Tambayoyi ne masu kyau, kuma zan amsa su. Amma da wuya ka ga wanda ya tambaya me Shari'a ta ɗora masa a watanni ukun ƙarshe na ciki, ko a daren da naƙuda za ta tashi. Alhali can ne wajibin yake. Rago sunna ne, ran matarka kuwa amana ce.

Mu fara da littattafan da muka tashi da su a zaure. Shehu Khalil, a babin ciyarwa na Mukhtasar, ya lissafa ladan ungozoma cikin abin da yake kan miji. Ya kuma ambaci cewa mai shayarwa ana ƙara mata abinci a kan na kullum domin ta samu ƙarfi. Asalin wannan yana cikin aya ta 233 ta Suratul Baƙara, inda Allah Ya ɗora ci da tufatarwar mai shayarwa a kan uban ɗa gwargwadon hali, Ya kuma hana a cutar da uwa saboda ɗanta. Aya ta 6 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ma ta wajabta ciyar da mai ciki har ta haihu, ko da an sake ta. To ina ga wadda take ɗakinka? Ungozomar zamaninmu ita ce ma'aikaciyar asibiti. A fahimtata, kuɗin kati da na awo, da kayan haihuwar da ake rubuta wa mai ciki ta taho da su, da kuɗin motar zuwa, duk sun shiga ƙarƙashin wannan. Ba alfarma kake yi mata ba, kuma ba nauyin mahaifinta ba ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kusan 82,000 suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Mu limamai ba a takarda muke ganin wannan ba, a sahun jana'iza muke gani. Sai ka ji ana cewa ai ta yi shahada. Gaskiya ne, hadisi ya tabbata a Muwaɗɗa cewa wadda ta rasu a kan haihuwa tana cikin shahidai. Amma darajar tata ce. Mijin da ya bar ta tana zubar da jini tun Isha'i har Asuba yana lissafin kuɗi, shahadarta ba ta wanke shi ba, tambayarsa tana nan. Abu Dawud ya ruwaito hadisin da ke nuna cewa tozarta wanda kake ciyarwa ya ishe ka zunubi.

Yanzu mu dawo unguwa. Mu da muke tsallaken kogi, Kakuri da Makera da Kurmin Gwari da Nasarawa da Barnawa, halinmu ba ɗaya yake da na mutanen Tudun Wada ko Unguwar Sanusi ba. Yawancin gidajenmu na haya ne, ɗakuna a jere, da yawansu tun zamanin da masaƙu ke ci aka gina su domin ma'aikata. KTL da ta fara aiki a 1957 ta rufe a 2002, aikin ya tafi, ɗakunan suka rage. Kuma tun bayan rikicin shekarar 2000 iyalai da yawa sun ƙaura zuwa arewacin kogi. Sakamakon haka, matashi yana zaune da amaryarsa a ciki da falo, ita uwarta tana Rigasa ko Zariya, shi tasa tana Kawo. A gidan gandu na da, in naƙuda ta tashi akwai tsohuwa a ɗakin kusa. Yau babu. Abin da dattijai goma suke yi ba tare da an ce musu ba, kai kaɗai ne za ka tsara shi.

Saboda haka shirin farko shi ne na hanya. Tun ciki yana wata shida ko bakwai ku yanke shawarar inda za a haihu, kuma in da hali ya zama a wannan ɓangaren. Akwai Asibitin Gwamna Awan, akwai St. Gerard a Kakuri, akwai ƙananan asibitocin mazaɓu. In likita ya ce matsalarta sai Barau Dikko, to wannan daban, sai a san da haka tun da wuri. Me ya sa nake cewa a wannan ɓangaren? Duk ɗan Kaduna ya san yadda gadar kusa da filin wasa na Ahmadu Bello take cushewa, ya kuma san dokar hana fita ta awa 24 ba baƙuwarmu ba ce. An sa ta a Oktoban 2018, an sake sa ta a Agustan 2024. Naƙuda ba ta sauraron sanarwar gwamnati. Ka riƙe lambar mai keke ko mai mota mutum biyu waɗanda ka yi magana da su baki da baki, suka yarda ka tashe su ƙarfe biyun dare. In maƙwabcinka Kirista ne kuma shi ne mai mota, je ka gaishe shi ku yi maganar tun yanzu. Haƙƙin maƙwabtaka bai tsaya kan Musulmi ba, shi ma ranar tasa za ka tashi.

Sai maganar izini, wadda nake so a ji ni da kyau. Mace tana jin ciwo, miji yana kasuwa ko yana hanyar Abuja wayarsa ba ta shiga, ita kuma ta zauna wai ba ta fita sai da izini. Ɗan'uwa, ba ta izinin tun yau. Faɗa mata a gaban wanda zai shaida: in kika ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, ko jijjiga, ko faya ta fashe, ko ɗan ya daina motsi, ki tafi, kada ki jira ni. A haƙiƙa ma ceton rai ba ya jiran izinin kowa, amma tarbiyyar matanmu takan sa su yi nauyin ƙafa, to ka sauke mata nauyin. Haka in babu likita mace sai namiji, lalura ce, malamai sun halatta gwargwadon buƙata. In an ce sai an yi mata aiki, ka sa hannu. Ba a wannan lokacin ake buga waya ƙauye neman ra'ayin kawu ba.

Ku san rukunin jininta. Zubar jini bayan haihuwa yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata, kuma ba ya ba da lokaci. Ka nemi mutum biyu cikin 'yan'uwa ko abokan sahu waɗanda za su iya ba da jini. Matasan masallaci, wannan sadaka ce da ba ta buƙatar ko sisi. Kuɗin haihuwar kuma a ware shi daban, wuri daban da na suna, ta san inda yake. Wanda zai iya, ya je ya tambayi yadda ake shiga tsarin inshorar lafiya na jiha, KADCHMA, tun kafin ranar.

Ɗakin kansa ba ya son kashe kuɗi, gyara yake so. Na sha shiga barka in tarar da gadon jariri na yayi an ɗora masa kaya, amma babu gidan sauro, ga kwata a bayan taga. Gidan sauro mai magani kyauta ake bayarwa a wurin awo sau da yawa, a ɗaura shi tun tana da ciki. In haihuwar ta faɗo cikin hunturu, kada a shigar da gawayi ɗaki a rufe ƙofa, kada kuma a matso da janareto bakin taga. Hayaƙinsu yana kashewa cikin barci ba tare da an farka ba. Turaren wuta ma a sassauta, 'yan'uwa mata ku yi haƙuri, ƙirjin jinjiri ba irin namu ba ne. Kafur ɗin da ake zubawa cikin akwatin kayan jarirai a cire shi, a wanke kayan a shanya a rana, domin likitocin yara sun daɗe suna gargaɗi cewa yana jawo wa wasu jarirai shawara mai tsanani. In kun ga idon yaro ko fatarsa ta yi rawaya a kwanakin farko, asibiti za a nufa, ba a jira bayan suna ba.

Cibiya kuma akwai man shafawa da ake kira Chlorhexidine, shi ma'aikatan lafiya suke bayarwa. Ba man goge baki, ba toka, ba gashi da tsumma. Nonon farko, dakashi, wanda wasu ke matsewa su zubar wai ƙazanta ne, shi ne rigakafin farko da Allah Ya tanadar wa yaron. A sa shi a nono da wuri. Cire belu da wanzami yake yi, ban san masa wani asali a Sunna ba, jini kuwa yakan ɓalle, tsatsa takan shiga. Aski ne ya zo a hadisi, a yi shi da sabuwar reza.

Wa zai zauna da mai jego? A warware wannan tun kafin a haihu. Ko goyon ciki za ta tafi gida, ko wata babba za ta zo. In za ta zo, ina za ta kwana a ciki da falo? Kai ne za ka koma falo ko ɗakin aboki, kuma ka yi haka da sakin fuska. Game da wankan jego da kunun kanwa, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya, Davidson da Parry, suka ja hankali kan ciwon zuciyar da ke kama masu jego a yankinmu, suka danganta shi da yawan kanwa da tsananin zafi. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, har da ƙarancin abinci mai gina jiki. Ni ba likita ba ne, iyakata in ce wankan ruwan zafi na kwana 40 al'ada ce, ba ibada ba. Wanda Shari'a ta wajabta shi ne wankan tsarki idan jinin biƙi ya ɗauke. In mai jego tana kumburin ƙafa, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, kada a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara mata wuta. A kai ta asibiti.

To, yanzu ragon.

A mazhabar Malik, kamar yadda Ibn Abi Zaid ya kawo a Risala, dabba ɗaya ce ga namiji ko mace, irin wadda ta isa layya, ana yankawa ranar bakwai da hantsi, ba a lissafa ranar da aka haihu in bayan alfijir ne. Muwaɗɗa ta kawo cewa haka Abdullahi ɗan Umar yake yi wa 'ya'yansa, ɗaya-ɗaya. Shafi'i da Ahmad sun tafi a kan biyu ga namiji, ɗaya ga mace, saboda hadisin Nana A'isha da Tirmizi ya ruwaito. Duk wanda ka bi kana kan hujja. In bakwai ta wuce, mashhurin zancen Malikiyya shi ne ta faɗi, babu ramuwa, wasu malaman kuma sun ba da dama ranar 14 ko 21. Bashi fa? An ruwaito Imam Ahmad yana fatan Allah Ya mayar wa wanda ya ranta domin raya wannan sunna, amma Ibn Taimiyya ya ce wannan ga mai hanyar biya ne. Mai kuɗin haya a wuyansa, mai jego ba ta da abin miya, ba shi ake nufi ba.

Ga abin da mutane ba su cika sani ba: Khalil ya ce makaruhi ne a mayar da yankan suna walima da ake tara jama'a. A ci a gida, a yi sadaka, a aika wa maƙwabta. Ka duba wannan, sannan ka duba rumfa da kujerun haya da anko da mai kiɗa, da akwatin kayan fitar suna da ake auna darajar miji da shi. Ban ce kyauta ga mai jego haramun ce ba, alheri ne ga mai hali, ta kuma cancanta. Abin da nake ƙi shi ne mace ta haihu a tsakar ɗaki babu ma'aikaciya a kanta saboda babu kuɗi, bayan kwana bakwai kuɗin su fito a tare layi. Naman ma, sau nawa ake rabe shi kaf, mai jegon da ta zubar da jini sai kai da ƙafa?

Suna kuwa ku zaɓa tare tun kafin a haihu, na namiji da na mace. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya sanya wa ɗansa Ibrahim suna a daren da aka haife shi, kamar yadda Muslim ya ruwaito, don haka sanyawa kafin bakwai ya halatta. Na ce na mace da gangan. Ayoyi na 58 da 59 na Suratun Nahli sun siffanta wanda fuskarsa ke baƙi in an yi masa albishir da 'ya mace, kuma siffar mutanen jahiliyya ce. Matarka tana kallon fuskarka a daidai lokacin da aka faɗa maka, ba kuma za ta manta abin da ta gani ba.

Mai son faɗaɗawa ya nemi Tuhfatul Maudud na Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751 bayan Hijira, littafi ne sukutum a kan hukuncin jariri. Kafin ku bar asibiti kuma ku tabbatar an yi wa yaron allurar BCG da ta ciwon hanta da ɗigon shan inna, sannan ku karɓi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, za a neme ta ranar shiga makaranta.

'Yan'uwa mata da suka yi tambaya a kan mafi tsawon jinin biƙi, 40 ne ko 60, da hukuncin wadda ya ɗauke mata kafin nan, wannan sai rubutu na gaba in sha Allah. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuriya a kan Sunna.