Maƙoƙo da Gishiri

A kasuwar Magarya ko ta Dungas a kan ga mutum da kumburi a gaban wuya. Sunan wannan kumburi maƙoƙo. Ya fi kama mata. Waɗansu na cewa sammu ne, waɗansu kuma na cewa gado ne. Amma abin da ya fi kawo shi, shi ne rashin aidin cikin abinci.

A gaban maƙogwaro akwai wata ƴar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi. Likitoci na ce mata tiroyid. Ita ke haɗa sinadarin da ke sa jiki ya girma, ƙwaƙwalwa ta yi aiki. Ba ta iya haɗa shi sai da aidin. In aidin ya yi ƙaranci, sai ta kumbura.

Aidin ya fi yawa cikin teku da kifinsa. Ƙasar Nijar kuwa nesa take da teku, hatsinta da ruwanta ba su da aidin isasshe. Rogon da ba a jiƙa sosai ba yana ƙara hana jiki amfani da shi. Babba na bukatar mikrogram 150 a yini, mai ciki kuwa 250. In mai ciki ta rasa shi, tana iya yin ɓari, ko ta haifi yaro kurma, ko marar fahimta. Kumburin wuya kan ragu, amma ƙwaƙwalwar da ta taɓu tun cikin ciki ba ta gyaruwa.

A 1994 an duba ƴan makaranta a faɗin Nijar, aka tarar fiye da yaro 1 cikin 3 na da maƙoƙo. A 1995 gwamnati ta kafa doka a riƙa sa aidin cikin gishirin ci. Ana gane irin wannan gishiri da wani ruwan gwaji. In an ɗiga masa, sai ya rine ya yi shuɗi. Rana da laima suna rage aidin, don haka a kan ajiye gishiri cikin gwangwani rufaffe, a inuwa.

Ba kowane maƙoƙo ne ke zuwa daga rashin aidin ba. Shi ya sa mai shi ke zuwa asibiti. Malamin asibiti ya kan taɓa wuyan, ya sa shi ya haɗiyi miyau, ya yi masa tambayoyi. Mai yawan kasala da jin sanyi, wataƙila tsokarsa ta rage aiki. Mai rama da zufa da bugun zuciya, wataƙila tasa ta zarce da aiki. Gwajin jini da hoton wuya, irin waɗanda ake yi a babban asibitin Damagaram, su ke raba gardama. Tsaga da sakiya ba sa warkar da maƙoƙo.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin tiroyid?
2. Don me mai ciki ta fi bukatar aidin?
3. Yaya ake ajiye gishiri a gida?